GWANJON GIDAJE A GUSAU: CINIKI NE KO FARAUTAR MAI GUDUN HIJIRA?

  

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a wannan mako wani al'amari ne da ya faru a gidanmu, wanda na daɗe ina juya shi a raina, har na ga cewa yin shiru a kansa cin amana ne. Al'amarin ya shafi yadda ake cinikin gidaje da filaye a garin Gusau, da yadda ake tatse bayin Allah raunana da suka baro ƙauyukan Tsafe da Bunguɗu suna neman inda za su sa haƙarƙarinsu. Abin da ya fi tayar mini da hankali kuwa shi ne da hannunmu, mu matasa, ake wannan aiki.

YADDA AKA YI DA KAWUNA

A ƙarshen shekarar 2024 wani kawuna, wan mahaifiyata, ya taso daga ƙauyensu da ke ƙasar Tsafe da matansa biyu da 'ya'ya tara, bayan ɓarayin daji sun shiga garin karo na uku a cikin damina ɗaya. Ya sauka gidanmu a Tudun Wada. Mata da yara suka cunkushe a ɗaki ɗaya, shi kuma yana kwana a zaure. Mutum ne mai kunya da gudun nauyin jama'a, don haka bai yi wata biyu ba ya koma ya sayar da shanun huɗarsa da hatsin da ya rage a rumbu da babbar gonarsa ta gado, ya ƙulle kuɗin ya ce gida yake nema, ko ɗan yaya ne.

Dillali ya nuna mana wani gida a wata unguwa da ba zan kama sunanta ba. Ɗaki uku ne da zaure da rijiya, ginin bulo ne ko filasta ba a gama ba. Mai gida ya ce miliyan 8. Kawu ya taya miliyan 6 da rabi, aka ce albarka. Aka yi ta ja har aka tsaya a miliyan 7, mai gida ya ce ya sallama, aka yi musabaha a gabana, Kawu ya ba da kafin alƙalami, aka ajiye magana a kan ranar Litinin zai kawo cikon kuɗi a rubuta takarda. A daren nan na ga Kawu ya ci tuwo da yawa, abin da rabonsa da yi tun zuwansa.

Ranar Asabar bayan Isha'i sai ga wayar dillali. Wai wani Alhaji daga Abuja ya ga gidan ya taya miliyan 8, kuma mai gida ya fara rawa. Har ya haɗa Kawu da Alhajin a waya, muka ji murya tana cewa ita ba ta da lokacin dogon zance, gobe za ta turo kuɗi. Kawu ya dube ni ya ce, "Ɗana, mi za mu yi? In wanga gida ya kuɓuce, ina zan kai ɗiyan nan?" Na ce, "Kawu, ai an sallama maka, mu tsaya a kan maganarmu." Ya ce, "Kai yaro ne. Mai kuɗi ba ya sanin sallama." Ya ƙara. Aka sake bugowa Alhaji ya ƙara. Ya sake ƙarawa. Kafin azahar ɗin Litinin gidan miliyan 7 ya koma miliyan 9 da rabi. Sai da aka sayar da saniyar uwargidansa da ɗan kunnen amaryarsa, aka ci bashi wurin mutum uku, sannan kuɗin ya cika.

Bayan wata biyu tsohon mai gidan ya zo kwasar wasu katakai da ya bari. Cikin hira yake cewa shi kam ya gode Allah, gidan da ya sallama a bakwai Allah ya kai shi takwas. Kawu ya ce takwas ko tara da rabi? Nan zance ya fito fili. Miliyan 8 aka kai wa mai gida, miliyan ɗaya da rabi ta ɓace tsakanin mai saye da mai sayarwa, ban da la'adar da aka karɓa a kowane ɓangare. Da na bi diddigi sai na gano ko wane ne Alhajin Abuja. Wani saurayi ne sa'ana, mai gyaran waya, wanda muka yi Islamiyya tare, muka haddace Arba'una Hadisi a gaban malami ɗaya. Naira dubu 20 aka ba shi ya kumbura murya a waya. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi, shi kuma ɗan'uwana ya kwashi zunubin miliyoyi a kan kuɗin da ba za su kai shi ƙarshen wata ba.

ME YA SA GIDAN GUSAU YA YI WUTA?

Kafin mu yi hukunci ya kamata mu fahimci yadda aka yi kasuwar ta kai haka, domin mayaudari ba ya samun dama sai inda akwai matsi.

Iyayenmu sun san Gusau a matsayin garin auduga da gyaɗa da jirgin ƙasa da masaƙa, ƙaramar hukuma a cikin tsohuwar Jihar Sakkwato. Ranar 1 ga Oktoba 1996 gwamnatin Janar Sani Abacha ta ƙirƙiro Jihar Zamfara, Gusau ta zama babban birni. Ma'aikata suka dawo daga Sakkwato, aka buɗe ma'aikatu, 'yan siyasa da 'yan kwangila suka fara neman fuloti. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar Gusau mutum dubu 383 da ɗoriya. A 2013 aka kafa Jami'ar Tarayya ta Gusau, malamai da ɗalibai suka ƙaru a kan masu neman haya. Duk wannan bunƙasa ce irin wadda kowane gari ke fata, kuma da a nan abin ya tsaya da ban yi wannan rubutu ba.

Sai musibar ɓarayin daji ta sauka. Waɗanda suka yi wayo ba za su manta da kisan da aka yi a Kizara ta ƙasar Tsafe a 2013 ba, ko na 'Yargaladima a 2014. A watan Satumba na 2021 abin ya kai har aka rufe layukan waya a faɗin jihar, aka hana cin kasuwannin mako. A watan Afrilu na 2023 aka kwashe mutane masu yawa a Wanzamai, galibinsu yara da mata da suka fita neman itace. Duk lokacin da irin wannan ya faru, washegari za ka ga motoci ɗauke da tabarmi da tukwane da akuyoyi sun nufo Tsafe ko Bunguɗu ko Kwatarkwashi, mai ɗan ƙarfi kuma ya zarce Gusau. Su kansu attajiran Tsafe da Bunguɗu da yawa sun nemi gida na biyu a Gusau don kwanan iyali. Ga shi kuma ba ko'ina a Gusau mutane ke yarda su zauna ba. Tun da aka shiga Sabon Gida, kusa da jami'a, a watan Satumba na 2023 aka ɗauke ɗalibai mata daga gidajen haya, kowa ya ƙara gane cewa bakin gari yana da nasa haɗari. Sai jama'a suka yi ca a kan unguwannin cikin gari, inda babu sauran fili.

Ana cikin haka Naira ta faɗi. Ranar 29 ga Mayu 2023 aka cire tallafin man fetur, a watan Yuni aka saki Naira ta nemi farashinta. Dalar da hukuma ke sayarwa wajen Naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024. Buhun siminti ya wuce Naira dubu 10 a kasuwanni da dama a daidai wannan lokaci, rodi da kwano da katako suka bi sahu. Wannan ya haifar da abu biyu. Na farko, talaka ya kasa gini, don haka ginannen gida ya yi daraja. Na biyu, mai kuɗi ya ga ajiya a banki asara ce, sai ya mayar da dukiyarsa ƙasa. Ɗan siyasa da ɗan kasuwa da mai harkar zinari kowa na sayen fili ya kewaye da katanga ya rufe, ba don ya zauna ba, sai don ya jira farashi. Shi ya sa za ka wuce kango goma a rufe a layi ɗaya, alhali a makarantar firamare ko kangon gwamnati da ke kusa akwai iyalai suna kwana a kan siminti.

Sai abu na ƙarshe, wato duhu. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen birane a hannun gwamna, kuma gwamnatin jiha tana da hukumar ZAGIS mai rajistar filaye, amma da yawan gidajen unguwanninmu takardar mai unguwa da ta shaidu kaɗai gare su. Babu inda mutum zai je ya duba nawa aka sayar da gidan maƙwabci a watan jiya. Wanda ya san farashi shi ne dillali, kuma shi ne wanda la'adarsa ke ƙaruwa idan farashi ya hau. To idan aka haɗa mai saye da ke cikin firgita, da mai sayarwa da ke cikin kwaɗayi, da ɗan tsakiya wanda shi kaɗai ke riƙe da fitila, me ake tsammani?

SHARI'A BA TA HANA "WA ZAI ƘARA?" BA

Ya ɗan'uwa mai karatu, kada zafin rai ya sa mu haramta abin da Allah ya halatta. Sayar da kaya ga wanda ya fi tayi mai tsoka, wanda malaman fiƙihu ke kira Muzayada, mu kuma muke kira gwanjo, ciniki ne halattacce a wurin mafi yawan malamai. Imamul Bukhari ya ƙulla masa babi a Sahihinsa. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito daga Anas (RA) labarin mutumin nan Ba'ansare da ya zo roƙo, Manzon Allah (SAW) ya sa ya kawo ɗan bargonsa da akushinsa, ya ɗaga su a gaban Sahabbai, wani ya taya dirhami ɗaya, ya nemi mai ƙarawa, wani ya ba da biyu aka sallama masa. Wasu malaman hadisi sun yi magana a kan isnadin, amma hukuncin halaccin gwanjo sananne ne a littattafanmu.

To amma mu lura da siffar wancan ciniki. Kaya na gaban kowa. Mai tayi na farko yana kallon mai tayi na biyu. Kowa ya ji adadin da aka ambata da kunnensa. Ba a kai ga sallamawa ba sai da ƙari ya tsaya. Kuɗin kuma gaba ɗaya aka miƙa wa mai kaya. Irin wannan gwanjo rahama ne, musamman ga marayu da magada da wanda bashi ya ci, domin yana sa kayansu su kai ƙimarsu. Ko a kara, ranar kasuwar dabbobi, kusan haka ake yi, mai taya sa yana ganin abokin takararsa ido da ido.

Abin da ake yi a harkar gidaje a Gusau ya saɓa wa wannan ta fuska uku.

Fuska ta farko ita ce kore, wanda Shari'a ke kira Najashu, wato mutum ya ƙara kuɗin kaya alhali ba ya nufin saye, sai don ya zuga wani. Bukhari da Muslim sun ruwaito hani a kansa daga Abdullahi ɗan Umar (RA). Sahabi Abdullahi ɗan Abi Aufa (RA) ya siffanta mai yin sa da cin riba da ha'inci. Ba ma sai mun je nesa ba, duk wanda ya zauna a aji uku na Islamiyya ya haddace hadisi na 35 a Arba'una, wanda ya jero kore tare da hassada da ƙiyayya da juya wa juna baya a cikin abubuwan da ke rusa 'yan'uwantaka. A da ɗan kore sai ya tako kasuwa an ga fuskarsa. Yanzu waya ta sauƙaƙa masa, yana kwance a ɗakinsa a Sabon Gari zai zama Alhaji daga Abuja. A mazhabarmu ta Malikiyya kuwa, idan aka tabbatar mai kaya ya san da koren, mai saye yana da zaɓin mayar da kaya ya karɓi kuɗinsa. Mutum nawa ne cikin waɗanda aka cuta suka san suna da wannan haƙƙi?

Fuska ta biyu ita ce tayi a kan tayin ɗan'uwa bayan an daidaita. Imam Malik a Muwaɗɗa da Ibn Abi Zaid a Risala sun fayyace iyakar wannan hani. Tun ana farkon ciniki, ƙofa a buɗe take ga kowa. Amma da zarar mai kaya ya karkata ga mai saye, sun yi kusa ƙullawa, to ba ya halatta wani ya tsoma baki. Idan wannan shi ne hukuncin waɗanda suka yi kusa daidaitawa, ina ga wanda aka ce an sallama masa, aka yi musabaha, aka karɓi kafin alƙalaminsa? A yau kalmar "na sallama" ta zama ta wucin gadi, tana aiki ne zuwa lokacin da waya za ta sake ƙara. Dattijo mai furfura zai warware maganarsa saboda dubu 300, ya ce ai ba a rubuta takarda ba, kamar Mala'iku ma sai sun ga sa hannun mai unguwa suke rubutawa.

Fuska ta uku ita ce raba mai saye da mai sayarwa. Gida ɗaya sai ka tarar da 'yan kamasho biyar ko shida a kansa, kowa ya ɗora nasa, kuma babban aikinsu shi ne kada mutanen biyu su keɓe su yi magana. Manzon Allah (SAW) ya hana tarar fatake a hanya kafin su iso kasuwa, domin baƙo bai san farashin gari ba. Manomin da ya kwana arba'in yana gudun ransa, ya shigo Gusau da kuɗin gonarsa a ƙulle, wane baƙo ne ya fi shi rashin sanin farashi? Shi ne kuma ake tara tun daga tasha.

IDAN TALAKA NE MAI SAYARWA

Wani zai ce ai tsadar nan alheri ce ga masu gidaje. To mu duba abin da ke faruwa idan mai gidan shi ne ke cikin matsi. Kowa a Zamfara ya san iyalin da aka ɗauke musu mutum, ɓarayi suka yanka kuɗin fansa suka ba da wa'adi. A irin wannan rana gida ko gona ake fitarwa kasuwa. Sai ka ga ikon Allah. Alhazan nan da ke rige-rigen ƙari duk sun ɓace. Masu kuɗin unguwa sun haɗa baki, wannan ya taya rabin ƙima, wancan ya zo ya taya ƙasa da haka don a ga kamar na farko ya yi ƙoƙari. Wa'adi na matsowa, dole a sallama. Bayan wata uku a fitar da gidan a kan ninki biyu. Malamanmu na Malikiyya, kamar yadda ya zo a Mukhtasar na Shehu Halilu, sun yarda mutum ya roƙi wani daga cikin masu tayi ya janye masa, amma sun hana a haɗa baki da dukkan masu tayi don a karya farashi. Wannan ma kore ne, an dai juya shi ne.

Haka aka yi wa Kawu a ƙauye. Gonar da kakanninsa suka share, wadda a lokacin zaman lafiya ba zai saurari mai taya ta ba, ya ba da ita a arha domin ba mai son gonar da ba a iya zuwa. Ya sayar a matsayin matsattse, ya zo birni ya saya a matsayin matsattse. Ɓarawon daji ya kore shi da bindiga, na gari ya tarbe shi da waya. An gudu ba a tsira ba. Mu yi lissafi, 'yan'uwa. A watan Yuli na 2024 aka sa hannu a dokar mafi ƙarancin albashi na Naira dubu 70. Miliyan biyu da rabin da aka ɗora wa Kawu cikin kwana biyu ya yi daidai da albashin ƙaramin ma'aikaci na kusan shekara uku. Kuɗin gidan gaba ɗaya kuwa sai ya yi shekara 11 da ɗoriya bai ci ba, bai sha ba, bai yi wa ɗansa magani ba.

"AI KASUWA CE"

Na yi wannan magana da wasu dillalai, cikinsu har da mutanen kirki da na san suna tsoron Allah, domin dillanci sana'a ce halattacciya kuma ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Amsar da na fi ji ita ce, ai kasuwa ce, Allah ne mai tsada da arha. Gaskiya ne. An ruwaito cewa lokacin da kaya suka yi tsada a Madina aka nemi Manzon Allah (SAW) ya yanka farashi, bai yi ba. Ni ma ba na kiran hukuma ta zo ta ce ga kuɗin da za a sayar da gida. Tsadar da yawan jama'a da faɗuwar Naira suka kawo jarrabawa ce, sai haƙuri da addu'a. Amma tsadar da ƙarya ta kawo fa? Shin Alhajin da babu shi, shi ma kasuwa ce ta kawo shi? Wanda ya ƙi yanka farashi ai shi ne ya hana kore, ya hana algus, ya hana shiga cinikin ɗan'uwa. Ba ya yiwuwa mu riƙe hadisi ɗaya da ya yi daidai da aljihunmu mu watsar da uku.

Sannan ina jan kunnen masu ganin ƙasa ba ta taɓa faɗuwa. Haka mutanen Amurka suka ɗauka, suka yi ta cin bashin ruwa suna rige-rigen gidaje, har abin ya fashe a 2008, miliyoyin iyalai suka rasa muhallinsu, girgizar ta taɓa duniya baki ɗaya. Haka aka ɗauka a ƙasar Sin, sai ga katafaren kamfanin gine-gine Evergrande ya kasa biyan bashi a 2021, a watan Janairu na 2024 kotu a Hong Kong ta ba da umarnin a rushe shi a sayar da kadarorinsa. Mu namu farashin a kan tsoro aka gina shi. Ranar da Allah ya dawo da zaman lafiya, kuma muna roƙon ya gaggauta, manomi gonarsa zai koma, domin ba ya iya noma a kan kwalta. Wanda ya tara kangaye yana jiran ƙari ya tambayi kansa, shin ribarsa tana tare da zaman lafiyar jama'a ne ko tana tare da ci gaban musibarsu? Wallahi mugun matsayi ne mutum ya wayi gari arzikinsa na ƙaruwa duk ranar da aka tashi wani ƙauye.

MENE NE MAFITA?

Ga mai saye, tun kafin ka fita ka yanke wa kanka iyakar da ba za ka wuce ba, ka gaya wa wani amintacce wanda zai riƙe ka idan zuciya ta ɗauki zafi. A gwanjo, sau da yawa wanda ya yi nasara shi ne wanda ya fi kowa kuskuren kimanta kaya. Kada ka biya ko kwabo sai ka zauna da mai gida ƙafa da ƙafa. Idan aka ce wani ya taya, ka ce a kawo shi a zauna, mai son gida da gaske ba ya gudun a ga fuskarsa. Ranar da aka sallama a ranar za a rubuta, da adadi da wa'adi da shaidu biyu, domin aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a ƙarshen Suratul Baƙara, a kan rubuta mu'amala da kafa shaidu ta sauka. Kuɗi kuma hannun mai gida ko asusunsa za su shiga kai tsaye, la'ada daban. Ka tambayi maƙwabta da mai unguwa, ka tabbatar ba gidan gado ne da ake rigima a kansa ba, ba hanyar ruwa ba ce, ba a kuma sayar wa wani kafin kai ba.

Ga mai sayarwa, idan kana son wanda ya fi tsoka, Shari'a ta ba ka dama. Ka faɗa tun farko cewa gwanjo za ka yi, ka sa rana, masu so su taru a ƙofar gidan a gaban mai unguwa, a yi a fili. Amma kada ka sallama wa bawan Allah da yamma ka kwance da dare.

Ga malamanmu da limamai, muna roƙon a fito da Babin Ciniki daga cikin littafi a kawo shi kan mumbari. Jihar da ta ƙaddamar da Shari'a a watan Oktoba na 1999, take da kotunan Shari'a da Hukumar Hisba da Hukumar Zakka da Waƙafi, bai dace a ce ana irin wannan ha'inci a cikinta da rana tsaka ba tare da mai tsawatawa ba. Masu unguwanni su riƙa ajiye littafin da ake rubuta kowane ciniki da ainihin kuɗinsa. Shugabannin dillalai su tsarkake sana'arsu da kansu. Mawadata masu kangaye su tuna da waƙafi, ɗaki ɗaya da ka buɗe wa mai gudun hijira ya fi maka katanga goma ranar da za a tambaye ka.

Sai mu, matasa, kuma saboda mu na yi wannan rubutu. Babban dillali ba ya iya wannan aiki shi kaɗai. Mu ne masu kai labarin wanda ya shigo gari da kuɗi. Mu ne masu hawa babur mu zagaya da shi. Mu ne muryar da ke cikin waya. Na san babu aikin yi, na san dubu 20 kuɗi ne ga wanda ya kwana bai ci ba. Amma ɗan'uwa, ka dubi wanda ake sa ka ka yaudara. Wataƙila jiya ya binne ƙanensa. Wataƙila kuɗin da ke hannunsa shi ne ƙarshen abin da ubansa ya bari. Kai da ka tsaya da shi a sahu ɗaya yau Juma'a, kafaɗa da kafaɗa, yaya za a yi gobe Asabar ka zama Alhajin Abuja a kansa? Kuma kada mu manta mu ma gida za mu nema. Duk dubun da muka taimaka aka ɗora yau, mu za ta jira ranar da muka tashi aure. Idan za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere.

Na je na sami abokin nan nawa a shagonsa. Ban yi masa faɗa ba, na dai ce ya karanto mini hadisi na 35. Ya fara, da ya iso wurin sai ya yi shiru ya sunkuyar da kai. Bayan kwana uku ya zo gidan Kawu da dubu 20 a hannu yana neman gafara. Kawu ya ce ya yafe masa nasa, ya mayar masa da kuɗin ya ce ya ƙara jari. Miliyan ɗaya da rabi dai ba ta dawo ba, kuma har yau Kawu yana biyan bashi da kuɗin dakon da manyan 'ya'yansa ke yi a kasuwa.

Allah ya dawo mana da zaman lafiya a Zamfara da ƙasa baki ɗaya, ya mayar da kowa gidansa da gonarsa, ya tsare mu daga cin dukiyar mutane da ƙarya, ya sa mu dace duniya da lahira.